BABI NA UKU: TARIHIN LAMBAR GIDAJEN SHAƊARANJI DA TUBALAN DA SUKA GINA TA

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin wata lamba guda ɗaya, wato 18,446,744,073,709,551,615. Lamba ce mai alƙaluma ashirin, wadda ake samu idan aka ɗora ƙwayar hatsi ɗaya a gidan farko na allon shaɗaranji, biyu a gida na biyu, huɗu a gida na uku, aka ci gaba da ninkawa har zuwa gida na 64, sannan aka tara abin da ke cikin gidajen gaba ɗaya. Babin zai nuna cewa tambayoyi biyu ne masana suka yi wa wannan lamba a tsawon tarihi. Tambaya ta farko ita ce, nawa ce? Malaman ƙasashen Musulmi sun amsa ta tun wajajen shekarar 1000 Miladiyya. Tambaya ta biyu kuwa ita ce, waɗanne lambobi ne suka haɗu suka gina ta? Wannan sai da ta ƙara ɗaukar fiye da shekara 700 kafin a amsa ta, kuma an kai ga amsar ne ta hanyar gyara kuskuren wani babban masani.

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a fayyace wasu kalmomi uku da za su riƙa maimaituwa. "Gagara-rabo" na nufin lambar da babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7 da 11. "Tubali" na nufin gagara-rabon da ke raba wata lamba ba saura, alal misali 3 da 5 su ne tubalan 15. "Hawa" kuma na nufin yawan maimaita lamba a cikin sau, wato 2 mai hawa 3 ita ce 2 × 2 × 2, ke nan 8.

3.1 Wasan Shaɗaranji da Hikayar Sissa

Shaɗaranji wasa ne na mutum biyu da ake yi a kan allo mai gidaje 64, takwas a tsaye takwas a kwance. Wasu na kiran sa darar Bature, amma asalinsa ba na Turai ba ne. Masana tarihi sun nuna cewa ya samo asali daga ƙasar Indiya a wajajen ƙarni na 6, inda ake kiran sa caturanga. Daga nan ya shiga Farisa, bayan Musulunci ya isa can kuma Larabawa suka karɓe shi da sunan shaɗranj, suka yaɗa shi har Arewacin Afirka da Andalus. Wasan ya ƙetaro hamada ma, domin a shekarun 1930 an rubuta bayanin wani nau'insa da ake yi a Borno mai suna tsatsarandi.

Tare da wasan ne wata hikaya ta yaɗu a tsakanin marubuta. Wanda ya fi shahara da kawo ta shi ne alƙali Ibnu Khallikan, wanda aka haifa a Irbil a shekarar 1211, ya rasu a Dimashƙa a 1282. Ya kawo ta ne a cikin littafinsa na tarihin mashahuran mutane, Wafayatul A'ayan, wanda ya fara rubutawa a Alƙahira a 1256, a daidai inda yake ba da tarihin Abubakar Assuli, wani gwanin shaɗaranji na fadar Bagadaza. Taƙaitaccen labarin shi ne, wani mai hikima Ba'indiye da ake kira Sissa ɗan Dahir ya ƙago wasan, ya kai wa sarki Shihram. Sarki ya yi murna ƙwarai, ya ce ya faɗi tukuicin da yake so. Sissa ya nemi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, a riƙa ninkawa har gida na ƙarshe, a ba shi abin da ya taru. Sarki ya raina roƙon, yana ganin an wulakanta kyautarsa. Da ma'aikatan baitulmali suka zauna suka yi lissafi, sai suka dawo suka shaida masa cewa duk alkamar da ke duniya ba za ta biya wannan alkawari ba.

Masana tarihi sun ɗauki wannan labari a matsayin hikaya, ba abin da ya faru ba. Duk da haka lissafin da ke cikinsa gaskiya ne, kuma ya girmi Ibnu Khallikan. Tun a tsakiyar ƙarni na 10 Almas'udi ya ambaci lissafin ninkin gidajen shaɗaranji a cikin littafinsa Murujuz Zahab. Ke nan hikayar ta zama wata riga da malamai suka sanya wa darasin lissafi domin ya zauna a zukatan ɗalibai.

3.2 Yadda Albiruni da Ibnu Khallikan Suka Tunkari Lambar

Hanya mafi sauƙin ganewa, amma mafi wahalar bi, ita ce a ninka sau 63, sannan a tara lambobi 64. Wannan aiki ne mai cin lokaci, kuma kuskure ɗaya a tsakiya zai ɓata duk abin da ya biyo baya. Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a Khuwarizm a shekarar 973, ya bi wata gajeriyar hanya a cikin littafinsa Al'asarul Baƙiya, wanda ya rubuta a wajajen shekarar 1000. Hanyar tasa ta dogara ne a kan ƙa'idoji biyu.

Ƙa'ida ta farko ita ce, jimillar abin da ke cikin gidajen da aka wuce kullum tana gaza abin da ke gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Alal misali, 1 da 2 sun ba da 3, gida na gaba kuma 4 ne. Haka nan 1 da 2 da 4 sun ba da 7, gida na gaba kuma 8 ne. Saboda haka ba a bukatar tarawa ko kaɗan. Abin da ake bukata shi ne a ƙaddara akwai gida na 65, a nemo abin da zai kasance a cikinsa, a cire 1.

Ƙa'ida ta biyu ita ce, idan aka yi wa abin da ke cikin wani gida sau da kansa, za a yi tsalle zuwa gidan da nisansa daga gidan farko ya ninka na wancan. A gida na 5 akwai ƙwaya 16. Daga nan matakan su ne kamar haka:

16 × 16 = 256 (gida na 9)
256 × 256 = 65,536 (gida na 17)
65,536 × 65,536 = 4,294,967,296 (gida na 33)
4,294,967,296 × 4,294,967,296 = 18,446,744,073,709,551,616 (gida na 65)

Idan aka cire 1 daga ta ƙarshe, sai a sami lambar da ake nema. Wato da matakai huɗu kacal aka gama aikin da zai ci matakai fiye da ɗari. A taƙaice lambar ita ce 2 mai hawa 64, a cire 1. Har ila yau Albiruni ya rubuta sakamakon ta hanyoyi uku: da alƙaluman Indiya, da tsarin sittin-sittin na masana taurari, da kuma haruffan abjadi. Amfanin yin haka a bayyane yake a zamanin da ake kwafe littattafai da hannu, domin idan mai kwafi ya yi tuntuɓe a ɗaya, sauran biyun za su tona kuskuren.

Shi kuwa Ibnu Khallikan damuwarsa daban ce. Ya bayyana cewa zuciyarsa ba ta natsu da labarin ba, sai da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariyya ya warware masa shi da ma'aunan kasuwa. Mutumin ya nuna masa cewa a gida na 16 akwai ƙwaya 32,768, ya ƙaddara su a matsayin mudu ɗaya. Aka ci gaba da ninka mudu har ya zama manyan ma'aunai, a gida na 40 aka ƙaddara abin da ya taru a matsayin rumbu ɗaya. A gida na 50 rumbuna suka kai 1,024, aka ƙaddara su a matsayin birni guda. Da aka isa gida na 64 sai ga birane 16,384 cike da rumbunan alkama. A nan ne alƙalin ya sallama. Dabarar mutumin Iskandariyya ita ce sauya ma'auni a duk lokacin da lamba ta fi ƙarfin tunani, daga ƙwaya zuwa mudu, daga mudu zuwa rumbu, daga rumbu zuwa birni.

Daga ƙasashen Musulmi lissafin ya shiga Turai. Leonardo na birnin Pisa a Italiya, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lissafi da alƙaluman Indiya a garin Bijaya na ƙasar Aljeriya ta yau, kuma ya kawo matsalar ninkin gidajen shaɗaranji a cikin littafinsa Liber Abaci, wanda ya fara fitowa a 1202.

3.3 Girman Lambar da Matsalar Kiran Sunanta

Idan aka yi la'akari da ma'aunan yau, za a ƙara fahimtar abin da ya ruɗi sarki. A ƙaddara cewa ƙwayar alkama 20 ce ke yin giram ɗaya. A ƙarshen layin farko na allo, wato gida na 8, duk abin da ya taru ƙwaya 255 ne, bai cika tafin hannu ba. A ƙarshen layi na biyu an sami 65,535, wato kilo uku da 'yan kai, abin da bai wuce kwano ɗaya da ɗan ƙari ba. A tsakiyar allo, gida na 32, an tara 4,294,967,295, kimanin tan 215 ke nan, ko buhu 2,150 masu cin kilo 100. Wannan duk abu ne da sarki mai ƙarfi zai iya biya. Masifar tana cikin rabi na biyu, domin gida na 33 shi kaɗai ya fi duk gidaje 32 da suka gabace shi, kuma haka kowane gida zai yi wa na bayansa. Gida na 64 kaɗai yana ɗauke da 9,223,372,036,854,775,808. Jimillar duka ta kai kimanin tan biliyan 922. Alkamar da duniya baki ɗaya ta noma a kowace shekara a farkon shekarun 2020 ba ta wuce kimanin tan miliyan 800 ba, ke nan sai an tara noman fiye da shekara 1,100 ba a ci ko ƙwaya ɗaya ba kafin a sallami Sissa.

Wata matsalar kuma ita ce ta suna. Larabcin wancan zamani ba shi da kalmar ƙidaya da ta wuce alfu, wato dubu, don haka marubuta kan maimaita kalmar ne, dubun dubu, dubun dubun dubu, har sau shida kafin su kira wannan lamba. Hausa ma ta bi irin wannan hanya a zamanin da ake ciniki da wuri, inda ake cewa zambar dubu ana nufin miliyan. Da kalmomin aro na yau ana iya cewa lambar ta haura tiriliyan miliyan goma sha takwas. Wannan ya nuna cewa alƙaluma sun riga harshe isa wurin, kuma ba Hausa kaɗai abin ya shafa ba.

3.4 Tubalan Lambar da Hasashen Fermat

Duk masanan da aka ambata a sama girman lambar ne ya dame su. Amma kowace lamba tana da wata fuska ta biyu, wato tubalan da aka gina ta da su. Wasu daga cikin tubalan wannan lamba ana ganin su da ido. Tun da ta ƙare da 5, to 5 na raba ta. Idan aka tara alƙalumanta ashirin za a sami 87, kuma 3 na raba 87 amma 9 ba ta raba ta, saboda haka 3 na raba lambar, 9 kuwa ba ta rabawa. Ba ta rabuwa biyu, domin mara ce.

Sauran tubalan suna fitowa ne ta wata tsohuwar ƙa'ida: idan aka yi wa lamba sau da kanta aka cire 1, sakamakon daidai yake da a yi sau tsakanin maƙwabtanta biyu, ta ƙasa da ta sama. Alal misali 4 × 4 − 1 = 15, kuma 3 × 5 = 15. Idan aka bi matakan Albiruni da baya da baya da wannan ƙa'ida, za a ga lambar tana ɓarewa kamar albasa:

18,446,744,073,709,551,615 = 4,294,967,295 × 4,294,967,297
4,294,967,295 = 65,535 × 65,537
65,535 = 255 × 257
255 = 15 × 17
15 = 3 × 5

Ke nan lambar gidajen shaɗaranji ita ce 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537 × 4,294,967,297. Abin lura a nan shi ne, huɗu na ƙarshe ba komai ba ne illa matakan Albiruni, wato 16, 256, 65,536 da 4,294,967,296, an ƙara wa kowanne 1. Biyar na farko duk gagara-rabo ne. Saura ta shida, kuma a kanta ne tarihi ya tsaya.

Pierre de Fermat alƙali ne a birnin Toulouse na ƙasar Faransa, wanda yake yin lissafi a lokacin hutunsa, kuma yana cikin manyan masanan lissafi na ƙarni na 17. A shekarar 1640 ya rubuta wa abokinsa Frénicle wasiƙa, inda ya jero waɗannan lambobi, 3, 5, 17, 257, 65,537, 4,294,967,297 da ta gaba da su, ya bayyana cewa yana da yaƙinin dukkansu gagara-rabo ne har illa ma sha Allahu. Ya amsa cewa bai sami cikakkiyar hujja ba, amma bai janye ba, domin a 1654 ya sake maimaita maganar a wasiƙarsa zuwa ga Blaise Pascal. Ya rasu a 1665 ba tare da an ƙaryata shi ba. Tun daga lokacin ake kiran wannan jeri lambobin Fermat.

Ba za a ga laifinsa sosai ba idan aka dubi wahalar aikin. Domin a tabbatar da cewa 4,294,967,297 gagara-rabo ce ta hanyar gwaji kai tsaye, sai an gwada raba ta da kowane gagara-rabo da ke ƙasa da 65,536, kuma sun haura dubu shida. Misalai biyar a jere sun ba shi gaskiya, sai ya ɗauka na shida ma zai bi sahu.

3.5 Euler da Lamba 641

A watan Disamba na 1729 Christian Goldbach ya rubuta wa wani matashi ɗan ƙasar Siwizalan mai suna Leonhard Euler, wanda ke aiki a cibiyar kimiyya ta birnin St. Petersburg a Rasha, yana tambayar sa ko ya san da maganar Fermat. A 1732, yana da shekara 25, Euler ya bayyana cewa:

4,294,967,297 = 641 × 6,700,417

Kowa na iya tabbatar da wannan da alƙalami da takarda. 6,700,417 sau 600 ya ba da 4,020,250,200, sau 40 ya ba da 268,016,680, sau 1 kuma 6,700,417, idan aka tara su sai a sami 4,294,967,297 cif. Hasashen da ya yi shekara 92 a tsaye ya rushe da layi ɗaya.

Euler bai gano 641 da sa'a ba. Ya nuna, a wani aiki da ya fitar daga baya, cewa duk gagara-rabon da zai raba wannan lamba dole ne ya kasance idan aka raba shi da 64 saura 1 zai rage. Wannan sharaɗi ya zubar da kusan dukkan dubban lambobin da ake jin tsoron gwadawa. Waɗanda suka rage a farkon layi su ne 193, 257, 449, 577 da 641, wato a gwaji na biyar aka dace. Abin mamaki shi ne, ƙa'idar da Euler ya dogara a kanta ta Fermat ce da kansa, kuma Fermat ya taɓa amfani da irin wannan dabara a 1640 ya gano cewa 223 na raba 2 mai hawa 37 a cire 1. Wannan ya sa wasu masana tarihin lissafi ke ganin wataƙila ya gwada 641 ne ya yi tuntuɓe a wajen rabawa.

Akwai kuma wata gajeriyar hujja da ke nuna dalilin da ya sa 641 ta dace. Lambar tana da fuska biyu: ita ce 5 × 128 + 1, kuma ita ce 625 + 16. Fuska ta farko ta nuna cewa 5 × 128 ta gaza 641 da 1, don haka idan aka ɗaga ta zuwa hawa 4, wato 625 sau 2 mai hawa 28, aka raba da 641, saura 1 zai rage. Fuska ta biyu kuma ta nuna cewa idan aka haɗa 625 sau 2 mai hawa 28 da 16 sau 2 mai hawa 28, za a sami 641 sau 2 mai hawa 28, wadda ke rabuwa ba saura. To 16 sau 2 mai hawa 28 ita ce 2 mai hawa 32. Tun da kashi na farko ya bar saura 1, dole ne 2 mai hawa 32 ta kasance 1 kawai take jira ta rabu da 641, kuma abin da ake son nunawa ke nan.

An tabbatar da cewa 641 da 6,700,417 duk gagara-rabo ne. Da wannan aka kammala sanin tubalan lambar gidajen shaɗaranji, guda bakwai:

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Daga wannan jeri ana iya karanta halayenta. Babu tubalin da ya maimaitu, saboda haka babu wata lamba irin 9 ko 25 ko 49 da za ta raba ta. Tun da kowane tubali ana iya ɗaukar sa ko a bar shi, yawan lambobin da ke raba ta shi ne 2 mai hawa 7, wato 128, har da 1 da ita kanta. Da za a raba alkamar Sissa a matsayin gado, za ta rabu daidai tsakanin mutum 3, ko 15, ko 17, ko 641, amma ba za ta rabu tsakanin mutum 2, ko 7, ko 11 ba sai an sami ragowa.

3.6 Abin da Ya Biyo Bayan Euler

Rushewar hasashen bai kashe lambobin Fermat ba. A ranar 30 ga Maris 1796 wani ɗalibi Bajamushe, Carl Friedrich Gauss, yana gab da cika shekara 19, ya gano cewa ana iya zana siffa mai ɓangarori 17 daidai wa daida da rula da kamfas kaɗai. Tun zamanin Girkawa an san yadda ake zana mai 3, da mai 5, da mai 15, amma kusan shekara dubu biyu ba a ƙara ko ɗaya a kan irinsu ba. A littafinsa na 1801 Gauss ya nuna cewa sirrin yana ga lambobin Fermat: siffa mai ɓangarori mara tana zanuwa idan yawan ɓangarorin gagara-rabo ne daga jerin Fermat, ko kuwa an gina shi da irin waɗannan ba tare da maimaici ba. Pierre Wantzel ya cike hujjar a 1837, inda ya nuna cewa bayan waɗannan babu wasu. Ke nan siffa mai ɓangarori 4,294,967,295, wato jimillar rabin allo, tana zanuwa a ƙa'ida, domin tubalanta su ne 3, 5, 17, 257 da 65,537. Amma mai ɓangarori daidai da jimillar allo duka ba ta zanuwa, kuma 641 da abokiyarta ne suka hana.

Maƙwabciyar lambar ta sama, wato 18,446,744,073,709,551,617, ita ce ta bakwai a jerin Fermat. A 1880 Fortuné Landry ya bayyana cewa ita ma tana rabuwa, domin ita ce 274,177 × 67,280,421,310,721. Da zuwan kwamfuta aka ci gaba da farfasa na gaba da ita: ɗaya a 1970, wata a 1980, wata a 1988, wata a 1990, wata kuma a 1995. An tabbatar da cewa lambobi 28 a jere da suka biyo bayan 65,537 duk suna rabuwa, kuma har yau ba a sami wani gagara-rabo a jerin ba bayan biyar ɗin da Fermat ya sani.

Lambar ta sake ɓullowa ta wata ƙofa a 1883, lokacin da masanin lissafi Bafaranshe Édouard Lucas ya fitar da wasan da ya kira Hasumiyar Hanoi. Turaku uku ne da faifai masu bambancin girma a jere a kan ɗaya, ana so a mayar da su kan wani turken, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an ɗora babba a kan ƙarami ba. Kowane faifai da aka ƙara yana ninka yawan motsin da ake bukata, ya ƙara 1: faifai ɗaya motsi 1, biyu motsi 3, uku motsi 7. An haɗa wasan da wata ƙagaggiyar hikaya ta wani wurin bauta a Indiya mai faifai 64, kuma motsin da suke bukata shi ne 18,446,744,073,709,551,615. Da za a yi motsi ɗaya a kowace daƙiƙa, aikin zai ci kusan shekara biliyan 585.

3.7 Lambar a Zamanin Kwamfuta

Kwamfuta tana ajiye lambobi ne a cikin gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar 0 ko 1, kuma darajar kowane gurbi ninkin ta wanda ya gabace shi ce: 1, 2, 4, 8, kamar dai gidajen shaɗaranji. Idan gurabe 64 ne aka cika kowanne da 1, abin da aka rubuta shi ne jimillar allon Sissa. Saboda haka wannan lamba ita ce mafi girma da za a iya ajiyewa a gurabe 64, wanda shi ne faɗin da yawancin kwamfutoci da wayoyin hannu na yanzu ke aiki da shi. In aka ƙara mata 1, gurabe sun ƙare, sai ƙidaya ta koma 0.

Irin wannan iyaka ta taɓa zama matsala ta zahiri. Tsarin adireshin intanet da aka tsayar a 1981 gurabe 32 yake da su, wato adireshi 4,294,967,296, daidai da abin da ke gida na 33. A lokacin an ɗauka sun wadatar, amma a watan Fabrairu na 2011 babbar ma'ajiyar adireshin ta ƙare, sabon tsarin da aka tanada domin maye gurbinsa kuwa gurabe 128 yake da su. Daɗin daɗawa, ɗaya daga cikin tubalan lambar, 65,537, ita ce aka fi amfani da ita a matsayin wani sashe na mabuɗi a tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka ƙago a 1977. An zaɓe ta ne saboda gagara-rabo ce, kuma a rubutun kwamfuta 1 biyu kawai ke cikinta, abin da ke sa lissafi da ita ya yi sauri.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bi tarihin lambar gidajen shaɗaranji tun daga hikayar Sissa. An ga yadda Albiruni ya lissafa ta da matakai huɗu, da yadda Ibnu Khallikan ya fahimci girmanta ta hanyar sauya ma'auni. An kuma nuna cewa matakan Albiruni su ne suka haifar da lambobin Fermat, waɗanda biyar daga cikinsu tubalan lambar ne, ta shida kuma ta ɓoye tubali biyu har zuwa 1732. Sarki Shihram ya dubi gidajen farko ya yanke hukunci a kan allo duka, Fermat ma ya dubi lambobi biyar na farko ya yanke hukunci a kan jerin duka, kuma dukkansu lissafi bai ba su gaskiya ba. Wannan ne ya sa masana lissafi ba su karɓar yawan misalai a madadin hujja, komai darajar wanda ya kawo su. Tambayar ko akwai wani gagara-rabo na shida a jerin Fermat tana nan a buɗe har yanzu.